Ɓurɓushin azurfa a jikin auduga da ɓawon ƙwai: me wannan katalis yake iyawa, me kuma ake ɗora masa?

Lokaci zuwa lokaci sai ka ga labari yana yawo cewa masana sun dafa ganye, ko ɓawon ayaba, ko sun ɗauko ɓawon ƙwai, sun haɗa da azurfa, sun samu wani abu da ke wanke gurɓataccen ruwa cikin 'yan mintuna. Akan haɗa labarin da hoton kwalabe biyu, ɗaya ruwanta shuɗi, ɗaya kuma garau kamar ka kai baki. Wasu sai su ce to, an gama da matsalar gurɓatar ruwa. Wasu su ce ai dama sirrin yana cikin ganye, Bature ne bai sani ba sai yanzu. Wasu kuma su ce duk siddabaru ne.

To wa ke da gaskiya? Mene ne aikin azurfar, mene ne na ganyen ko ɓawon, kuma idan launi ya ɓace daga kwalba shi ke nan ruwan ya tsarkaka? Amsar na buƙatar a fara warware kalmomi uku: katalis, nano, da mazauni.

Katalis: dillalin da ba ya karɓar la'ada

Akwai sinadarai da yawa da za su iya haɗuwa su ba da wani sabon abu, amma idan aka zuba su wuri ɗaya sai su zauna kwana da kwanaki suna kallon juna. Katalis shi ne abin da ake sakawa tsakaninsu ya gaggauta haɗuwar, shi kuma ya fita yadda ya shiga. Kamar dillali ne da ke haɗa mai saye da mai sayarwa, sai dai wannan ba ya karɓar la'ada, kuma da an gama ciniki zai juya ya kama na gaba. Masanin ƙasar Siwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa wannan al'amari suna a 1835.

Duniyar masana'antu kusan gaba ɗaya a kan katalis take tsaye. Takin zamani yana samuwa ne saboda katalis na ƙarfe da ke haɗa iskar naitirojin da haidirojin, hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka kafa a Jamus a farkon ƙarni na 20. A jikin salansar mota akwai tukunya mai ɗauke da filatinam da faladiyam da rodiyam, tana rage dafin hayaƙi. Ko a bakin mutum akwai katalis a cikin yawu, shi ke fara narkar da sitaci tun abinci bai sauka ciki ba.

Azurfa ma ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. A 1931 wani Bafaranshe mai suna Theodore Lefort ya gano cewa idan aka bi da iskar etilin da iskar oksijin ta kan azurfa, ana samun etilin oksaid. Har yau da azurfa ake wannan aiki, kuma daga nan ake samun sinadarin da ake yin yadin foliyesta da robar gorar ruwa da ruwan sanyaya injin mota. Haka nan da azurfa ake juya metanol ya koma fomaldihaid a masana'antu da dama. Don haka ba yau aka gano azurfa na wannan aiki ba. Sabon abu shi ne ƙanƙantarta da kuma inda ake zaunar da ita.

Me ya sa sai an niƙe ta haka?

Nanomita ɗaya shi ne mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Kaurin gashin kai ɗaya yakan kai wajen nanomita 80,000. Abin da ake kira ƙwayoyin nano kuwa tsakanin nanomita 1 zuwa 100 suke. Ido ba ya ganinsu, madubin ƙara girma na makaranta ma ba ya ganinsu.

Dalilin niƙewar lissafi ne mai sauƙi. Katalis da fatarsa yake aiki, domin sinadarai a saman jiki suke sauka, ba sa shiga ciki. Ka ɗauki dunƙulen azurfa mai kusurwa, tsawo da faɗi da tsayi duk santimita ɗaya. Nauyinsa giram 10 da rabi ne, faɗin fatarsa kuwa santimita 6 ne murabba'i, bai kai tafin hannun jariri ba. Ka yanyanka wannan dunƙulen zuwa 'yan gutsattsari masu nanomita 10 kowanne. Nauyi bai ƙaru ba ko kaɗan, amma fatar ta koma mita 600 murabba'i, ta fi filin ƙwallon kwando. A babban dunƙule kusan dukkan atam ɗin azurfa, wato ƙananan tubalan da aka gina ta da su, a binne suke a ciki, zaman kashe wando kawai suke yi. A ƙwayar da ba ta wuce nanomita 2 ba, wajen rabinsu ko fiye suna waje, suna aiki.

Ba yawan fata kaɗai ba, hali ma yana canzawa. Zinariya ce babbar shaida. An daɗe ana ɗaukarta a matsayin malalaciyar da ba ta shiga harkar kowa, sai a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa idan aka ƙanƙantar da ita zuwa 'yan nanomita kaɗan, tana juya iskar kabon monoksaid mai kisa zuwa kabon dayoksaid ko da sanyi ya wuce na ƙanƙara. Launi ma yana juyawa. Azurfar da muka sani fara ce mai ƙyalli, amma ƙwayoyinta na nano a cikin ruwa rawaya ne, idan sun yi yawa su koma ruwan ƙasa. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa, kofin Lycurgus, na ƙarni na 4. Idan haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, idan ya ratso ta baya sai ya koma ja. Ɓurɓushin zinariya da azurfa ne a cikin gilashin, waɗanda suka ƙera shi kuwa ba su taɓa jin kalmar nano ba.

Inda gizo ke saƙar

Ƙwayoyin nan ba sa son zaman ƙanƙanta. Da sun samu dama sai su manne da juna, su dunƙule, fatar da aka sha wahalar samu ta tafi. Na biyu, ko da sun zauna lafiya sun gama aiki, ta yaya za ka tsamo su daga ruwa? Matatar ruwa ta yau da kullum ba ta riƙe su, wucewa suke yi. Ka wanke ruwa daga rini ka bar shi da azurfa, an gudu ba a tsira ba.

Maganin matsalolin biyu ɗaya ne: a nema musu mazauni, wato wani jiki mai kauri da za a liƙa su a kai, kowace ƙwaya a wurinta, yadda idan an gama sai a ɗaga mazaunin gaba ɗaya a ɗauraye a sake amfani da shi. Masana'antu sun daɗe suna yin haka da abubuwa masu tauri irin su alumina da silika da gawayi na musamman. Tambayar da masu bincike suka yi ita ce, me zai hana a yi da abin da halittu suka riga suka ƙera?

Mazauni daga jikin halitta

Nan ne lamarin ya fi daɗi, domin kayan suna da yawa kuma kowanne da halinsa. Selulos, wanda shi ne jikin auduga da takarda da itace, babu wani sinadarin halitta da ya kai shi yawa a doron ƙasa. Zarensa cike yake da wasu 'yan hannaye na oksijin da haidirojin da ke cafke azurfa tun tana narke a ruwa. Kitosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake samunsa, shi kuma hannayensa na naitirojin ne, waɗanda ke riƙe ƙarfe da kyau. Aljinet daga ciyawar teku yake, idan aka ɗiga shi cikin ruwan kalsiyam sai ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye masu taushi, masu sauƙin tsamewa da cokali. Akwai tantanin nan fari da ke manne cikin ɓawon ƙwai, wanda idan aka duba shi da babban madubi ragar zaren furotin ce saƙaƙƙiya. Akwai siliki, akwai gashin tumaki. Akwai wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom, masu gina wa kansu kwanson gilashi mai huda-huda a jere, irin aikin da injiniya zai sha wuya kafin ya kwaikwaya. Har da bairas ɗin da ke kama ganyen taba an yi amfani da shi, saboda shi sanda ce miƙaƙƙiya mai tsawon nanomita 300 da kauri 18, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Wani lokaci mazaunin ba zama kawai yake bayarwa ba. Azurfa takan zo ne a narke, a matsayin naitret ɗin azurfa, inda kowane atam ya rasa ilektiron ɗaya, wato ɗan ƙanƙanin ɓangarensa mai ɗauke da cajin lantarki. Kafin ta koma ƙarfe sai an mayar mata da wannan ilektiron. A hanyar da aka saba, sinadarai masu ƙarfi ake zubawa su biya wannan bashi. Amma sukari da sinadaran da ke sa ganye ɗaci da bauri su ma suna iya biya. A 1999 masu bincike a Jami'ar Uppsala suka ba da rahoton wata bakteriya, Pseudomonas stutzeri, da aka samo daga mahaƙar azurfa, wadda ke tara ƙwayoyin azurfa a jikinta. A 2003 wata tawaga a Jami'ar North Carolina ta yi su da sitaci da gulukos da ruwa kawai. A birnin Pune na Indiya, tawagar Murali Sastry ta yi da funfunar Fusarium oxysporum a 2003, sannan da ruwan ganyen darbejiya a 2004. Daga nan ƙofa ta buɗe, kusan babu ganyen da wani bai dafa ya gwada ba.

Duk wannan ya zo daidai da kiran da Paul Anastas da John Warner suka yi a 1998, lokacin da suka fitar da ƙa'idoji 12 na kimiyyar sinadarai marar cutar da muhalli, ciki har da a fifita katalis, a yi aiki da kayan da ke sake tsirowa, a rage sinadarai masu guba.

A kan teburin gwaji abin kallo ne. Ruwan naitret ɗin azurfa ba shi da launi, ba ka bambanta shi da ruwan sha. A tsoma ƙyallen auduga fari ya jiƙa, a ɗiga ruwan ganye, a ɗan ɗumama. Sannu a hankali ƙyallen zai fara ɗaukar rawaya, can ya koma ruwan ƙasa. Wannan launin shi ne alamar ƙwayoyin sun zauna. Ganyen ya gama nasa aiki a nan. Daga yanzu azurfa ce ma'aikaciya.

Gwajin da kowa ke yi

Da yawa daga cikin rahotannin wannan bincike daga gwaji iri ɗaya suke fitowa, wanda ya shahara tun farkon shekarun 2000, musamman ta hannun Tarasankar Pal da abokan aikinsa a Kharagpur ta Indiya. Ana ɗaukar wani sinadari mai guba, 4-naitrofinol, wanda ke fitowa daga masana'antun rini da magungunan ƙwari, kuma yana cikin jerin gurɓatattun abubuwan da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa ido. A zuba masa sodiyam borohaidraid, sai ruwan ya yi rawaya mai kauri, ya tsaya a haka. Borohaidraid na da ilektiron da zai bayar, naitrofinol na buƙata, amma dukkansu cajinsu iri ɗaya ne, don haka ture juna suke yi. A jefa ɗan ƙyallen nan mai azurfa. Kumfa ƙanana za su fara tashi, rawayar ta fara dusashewa, cikin mintuna ruwa ya yi garau. Abin da ya faru shi ne dukkansu biyu sun sauka a fatar azurfa, ita kuma ta karɓa daga wannan ta miƙa wa wancan. Abin da ya fito, 4-aminofinol, shi ne ake yin farasitamol da shi.

Gwajin yana da kyau, kuma an zaɓe shi ne don sauƙinsa: ido na ganin sauyin, na'urar auna haske mai araha tana bin sa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Amma ma'auni ne na gwada ƙarfin katalis, kamar a sa ɗalibi ya karanta shafi ɗaya don a ji ko ya iya karatu. Ba shi ne aikin ba.

Ɓacewar launi daban, tsarkin ruwa daban

A nan ne, a ganina, labaran da ake yaɗawa suke yaudarar mutane, ko da masu rubuta su ba su yi niyya ba.

Ɗauki shuɗin rinin da ake kira metilin bulu, wanda shi ne yawanci a kwalbar hoto. Idan ya karɓi ilektiron yakan rasa launinsa, amma yana nan bai je ko'ina ba. Ka girgiza kwalbar iska ta shiga, shuɗin na iya dawowa. Malaman kimiyya sun daɗe suna yi wa ɗalibai wannan wasa a aji. Rinin da ake kira azo kuwa, wanda shi ne kaso mafi girma a rinin masaƙu, tsinkewa yake yi gida biyu, launin ya tafi da gaske, amma gutsattsarin da suka rage wasunsu sun fi uwarsu haɗari, har akwai waɗanda aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Dalilin ke nan Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da wasu rinin azo a tufafi tun 2002. Shi kansa aminofinol, duk da ya fi naitrofinol sauƙi, ba abin sha ba ne.

Sannan borohaidraid ɗin da ake zubawa, wanda labarai ba su cika ambatonsa ba, ana zuba shi ne ninki-ba-ninki fiye da gubar da ake son kawarwa. Yana da tsada, yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, kuma yana barin sinadarin boron a ruwa, wanda idan ya yi yawa yana lalata amfanin gona. Masana'antar da ke son aminofinol da yawa da iskar haidirojin kai-tsaye take aiki, don ta fi araha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata 'yar damuwa da mai karatu mai lura zai so ya tambaya. Auduga da kitosan da tantanin ƙwai suna shan rini da kansu ko babu azurfa, ai shi ya sa ake rina tufafi. Idan ba a gwada mazaunin shi kaɗai ba, ba za a san nawa ne aikin katalis, nawa ne tsotsa kawai ba.

Masu goyon baya da masu ɗari-ɗari

Masu goyon baya suna da hujjoji masu ƙarfi. Azurfa ta fi zinariya da filatinam da faladiyam araha sosai. Mazaunin yawanci shara ce da ake neman inda za a zubar. Aikin yana yiwuwa a ruwa, a zafin ɗaki, ba tare da tanderu ko tukunyar matsi ba, don haka ko jami'ar da ba ta da manyan na'urori za ta iya shiga wannan bincike. Hujjar da ta fi burge ni kuwa ita ce ta ƙarshen rayuwar katalis: idan ya gaji, ana iya ƙone audugar ko takardar, azurfar ta rage cikin toka a tattara ta, kamar yadda aka daɗe ana ƙwato azurfa daga tsofaffin fina-finan hoton ƙashi na asibiti.

Masu ɗari-ɗari su ma ba da ka suke magana ba. Ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne, na wannan ƙasa da na waccan ma haka, don haka ƙwayoyin da za a samu yau ba lallai su yi girman na gobe ba, masana'anta kuwa ba ta aiki da wataƙila. Sinadaran ganyen da ke hana ƙwayoyin dunƙulewa su ne kuma ke lulluɓe fatarsu, su tare wurin da aiki zai gudana. Zafi ma matsala ce. Tukunyar etilin oksaid tana aiki ne tsakanin digiri 200 zuwa 300, kuma katalis ɗinta yakan yi shekaru a ciki. Babu audugar da za ta jure wannan. Kitosan kuma narkewa yake yi a ruwa mai tsami. Ke nan fagen waɗannan kayan shi ne aikin ruwa mai sanyi ko ɗumi, ba su zo don su ture alumina daga manyan masana'antu ba.

Ruwan masana'anta na gaske ma ba irin na kwalbar gwaji ba ne. Cike yake da gishiri, musamman na masaƙu, da sabulu, da sinadaran farar wuta. Duk mai zoben azurfa ya san yadda yake baƙi idan ya daɗe, farar wutar da ke cikin iska ce ke yi masa haka. Abin da ke ɗaukar zobe watanni, ƙwayar nano mai fata a buɗe za ta iya gamuwa da shi cikin ɗan lokaci, kuma da fatar ta rufe aiki ya ragu. Rahotanni da yawa kan nuna an sake amfani da katalis sau biyar ko goma a ruwa mai tsafta. Masana'anta tana son ta ji labarin watanni.

Babbar damuwa ita ce zubewa. Ko an liƙa ƙwayoyin da kyau, iskar oksijin da ke cikin ruwa tana ɗan lasar su, azurfa na narkewa kaɗan-kaɗan tana bin ruwa. Narkakkiyar azurfa na cikin ƙarafa mafi guba ga kifi da ƙananan halittun ruwa, tana lalata gaɓar da kifi ke numfashi da ita, tana kuma kashe bakteriya ba tare da tantance mai cuta da mai amfani ba, har da waɗanda matatun ruwan datti suka dogara da su. Kasancewar mazaunin daga ganye ko ɓawo ya fito bai rage wa azurfa dafinta ba ko ƙwaya ɗaya. Duk rahoton da bai faɗi adadin azurfar da ta rage a ruwa bayan aiki ba, ya bar tambaya mafi nauyi a buɗe.

Me zai taɓa mutum a rayuwarsa?

Nan kusa, ba abu mai yawa ba. Farashin farasitamol ba zai sauka saboda wannan ba. Inda ake iya sa rai shi ne ƙananan matatu a bakin bututun masana'antu, inda ake bi da ruwa ta cikin soso ko ƙyalle mai azurfa a matsayin mataki ɗaya cikin matakai da dama, da kuma haɗa sinadarai masu tsada waɗanda ake buƙata kaɗan-kaɗan, irin na magunguna. Idan hakan ta tabbata, masu zama kusa da kogunan da masaƙu ke zuba ruwa su za su fara gani, masu sarrafa abincin teku da auduga kuma su samu kasuwa ga abin da suke zubarwa.

Abin da ya riga ya iso hannun mutane shi ne kwalaben "ruwan azurfa" da ake tallatawa a intanet a matsayin maganin kowace cuta, inda masu tallar kan ari kalmar nano da hotunan irin wannan bincike don su yi ado da su. Babu alaƙa tsakanin biyun. Gaskiya ne azurfa na kashe ƙwayoyin cuta a waje, shi ya sa ake sa ta a wasu bandejin ƙuna da miki. Amma jikin mutum ba shi da wata buƙata gare ta, kuma tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa ba a amince da irin waɗannan kayan a matsayin magani mai aminci ko mai aiki ba. Naitret ɗin azurfa da ake gwajin da shi yana ƙona fata, ya bar baƙin tabo da ke ɗaukar kwanaki kafin ya goge. Wanda ya daɗe yana shan ruwan azurfa kuwa, takan taru a ƙarƙashin fatarsa, rana ta doke ta, fuska da hannaye su koma launin toka mai shuɗi-shuɗi. Likitoci na kiran wannan ajiriya, kuma ko an daina sha launin ba ya komawa yadda yake.